Yayana da Na Tura Hayin Rafi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yayana ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a gidansa da ke Tarai. Babban ɗana ne ya buga mini waya ina Kano. Da farko ban gane muryarsa ba, domin rabona da jin kukansa tun yana ɗan firamare. Ya ce, "Alhaji, Baba ya cika." Haka yake kiran yayana, Baba. Ni da na haife shi Alhaji yake ce mini.

Tun daga Rano na fara tarar da mutane a hanya: babura ɗauke da mutum uku-uku, a-kori-kura cike da mata, wasu a ƙafa da sanduna a kafaɗa da malfuna a ka. Na ɗauka kasuwa ce take ci a wani gari, don lokacin maimai ne, lokacin da manomi ba ya barin gonarsa ko da na rabin yini. Sai da na shiga Tarai na rasa inda zan ajiye mota, sannan na gane duk wuri ɗaya muka nufa. Ƙofar gida ba ta ɗauke mu ba, sai filin ƙwallo aka kai shi aka yi masa salla bayan la'asar. A maƙabarta na matsa zan sauka kabari in karɓe shi, sai na ga ɗana ya riga ni, shi da wani dogon Bafulatani da ban sani ba. Na tsaya a baki ina miƙa musu itace.

Da aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki aka zaunar da ni a gaba, tunda ni kaɗai na rage namiji a 'ya'yan mahaifinmu. Shekara talatin da biyar na yi a ma'aikatar ilimi, na ajiye aiki ina darakta. A Kano ko masallaci na shiga akwai mai matsa mini. Amma a kan tabarmar nan babu wanda ya kira ni da wannan suna. Duk wanda ya durƙusa sai ya ce, "Kai ne ƙanen Malam? Allah ya ba ka haƙuri."

Wani tela mai furfura ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Ni bahago ne, Alhaji. Malamai uku suka yi ta dukan hannun nan har ya kumbura. Malam ne ya zo ya ce a bar ni in rubuta da wanda na iya. Ga shi da shi nake neman abinci." Bayansa wani mahauci ya ce su 'ya'yan mahauta can ƙarshen aji ake tura su, wai suna ƙarni, sai da Malam ya zo. Bai iya ƙarasa maganar ba, ya tashi. Wata mata ta sauko daga babur da fararen kayan asibiti a ƙarƙashin hijabinta, ba ta tsaya gaida kowa ba, ta wuce cikin gida kai tsaye kamar 'yar gida. Na ji kukan matar Yaya ya ƙaru da ta shiga. Ban tambayi ko wace ce ba. Na gane ta, ko da yake rabona da ita tun tana 'yar aji shida.

Ina amsa gaisuwa, ina cewa amin, amma Allah ya sani abin da ke cikina ba baƙin ciki ne kaɗai ba. Zaune nake ina duba taron nan, ina tambayar kaina su wa za su zo tawa jana'izar. Tsofaffin abokan aiki, in sun ga sanarwa a waya. Maƙwabta. Surukai. Babu wanda zai bar gonarsa. Kishin ɗan'uwana nake yi alhali ƙasar kabarinsa ba ta bushe a hannuna ba.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi. Amma ba zan iya ba da labarinsa in ɓoye nawa ba, domin ni ne mutumin da ya fi kowa cutar da shi.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Shekara uku ya ba ni, daga ni kuma Inna ba ta sake haihuwa ba, shi ya sa har ya mutu Auta yake kirana, ko a gaban wa. Shan-inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, ya tashi yana jan ta. A wancan zamanin babu mai kai ɗansa boko don yana so. Dagaci ne yake aikowa a ba da yaro ɗaya, kowane magidanci kuma sai ya duba wanda rashinsa ba zai dame shi a gona ba. Da ɗan aiken dagaci ya zo, mahaifinmu bai ko yi shawara ba. Ya nuna Yaya ya ce, "Ga wannan, ai ba zai riƙe garma ba." Yaya yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa.

Ni aka ga amfanina, ni aka bari a gida. Amma ni ne na yi ta kuka da na ga ya dawo da farar riga da gajeren wando da allo a hammata. Abin da aka ba shi don raini ma sai na ga ya fi nawa kyau. Bayan shekara biyu ya sami mahaifinmu yana gyaran ƙotar fartanya, ya ce, "Baba, hanyar nan tana ba ni wuya, ina faɗuwa. A bar Auta ya riƙa raka ni." Ni dai ban taɓa ganin ya faɗi ba, ko sau ɗaya. Da haka na shiga makaranta, a matsayin ɗan rakiya.

Na wuce shi, kuma na tabbata kowa ya san na wuce shi. Na je jami'a, shi ya tsaya a takardar malanta ya dawo gida. Na yi mota, shi keke. Amma duk sallar da na zo gida da tsaraba, sai in tarar zauren Yaya ne a cike, ba inda na sauka ba. Inna ma in na kawo mata wata magana sai ta ce, "To, ka ji ta bakin yayanka?"

Da aka ba shi hedimasta a wata firamare kusa da gida, ya kawo wasu abubuwa da mutane suka daɗe suna yi musu dariya. Kowace Litinin layin gaba na kowane aji zai koma baya, sauran su matso, har kowane yaro ya ɗanɗana zaman gaban allo. Monita ba naɗa shi ake yi ba, zagayawa take yi mako-mako. Shara kuwa, ɗan dagaci da ɗan mai unguwa duk suna da ranarsu, kuma Yaya yakan tsaya a kansu ya ga sun sunkuya. In malami ya zo masa da ƙorafi ya fara da cewa, "Ai ka san gidansu," sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ubansa aka kawo mini ba, shi aka kawo mini. Me ya yi?" Ba ya ɗaga murya. In ransa ya ɓaci sai ya cire hularsa ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar. Malamansa sun san in hula ta sauka, magana ta ƙare.

Wata shekara, ina ofis, na ji labari tun kafin takarda ta fita cewa za a ɗebi yara masu hazaƙa zuwa wata makarantar kwana ta musamman, kuma kowace firamare ta ƙauye za a ba ta gurbin yaro ɗaya. A birni masu nema sun yi yawa, 'ya'yan waɗanda suka fi ni duk suna layi. Sai na yi dabara. Na ɗauki babban ɗana, yana shirin shiga aji shida, na kai shi wurin Yaya, na ce ina so ya san gida ya sami tarbiyya. Yaya 'ya'ya mata Allah ya ba shi, ba shi da namiji. Ya yi murna har ya sa aka yanka zakara. Ya dafa kan yaron ya ce, "Auta, ka yi mini abin da ban taɓa zato ba." Na ci naman zakaran nan.

A ajin da ɗana ya shiga akwai wata yarinya, mahaifinta kuturu ne, suna zaune a bakin gari. Ita lafiyarta lau, ko tabo babu a jikinta. Amma duk Litinin ɗin da zagayen kujera ya kai wani yaro kusa da ita, washegari sai uwarsa ta hana shi zuwa. Daga baya wasu iyaye huɗu suka zo ofishin Yaya, har da wani attajiri mai sayen hatsi, suka ce ko dai a cire ta, ko a ware mata wurin zama da moɗar shan ruwa. Yaya ya kira malamin asibiti ya duba ta, ya yi musu bayani cewa ba ta ɗauke da komai, mahaifin ma ya daɗe da gama shan magani. Suka ce sun ji, amma dai a ware.

Ɗana ne ya ba ni labarin abin da ya faru washegari. A taron safe, yara duk suna kan layi, Yaya ya sa aka ɗauko randa aka ajiye a tsakiya. Ya kira yarinyar ya ce ta ɗebi ruwa ta sha. Ta sha rabi. Ya karɓi moɗar ya shanye sauran. Ya sake ɗiba, ya kira ɗana. Ya ce, "Wannan ɗan ƙanena ne, ubansa babban ma'aikaci ne a birni. Zo ka sha." Yaron ya sha. Daga ranar ya zaunar da su benci ɗaya, ya ce su biyun zagaye ba zai raba su ba har ƙarshen shekara. Iyaye biyu suka cire 'ya'yansu, bayan zango ɗaya suka dawo da su da kansu.

Ni da labarin ya iske ni, ban ga jarunta a ciki ba. Abin da na gani shi ne ya yi gwaji da ɗana. Na haɗiye, don ina jiran abin da na kai yaron ya samo.

Takardar ta fito. Yaya bai zaɓi kowa da kansa ba. Ya roƙi wani malami daga Madachi ya tsara jarrabawa ya kuma duba ta, aka ba kowane yaro lamba a madadin suna. Da aka buɗe, yarinyar ce ta ɗaya, ɗana na biyu.

Ranar Asabar na iso bayan azahar. Na same shi a zaure yana ɗaure wa kekensa birki da waya. Ko zama ban yi ba.

Na ce, "Yaya, ka san dalilin da ya sa na kawo yaron nan."

Ya ce, "Na sani, tun ranar da takardar ta iso. Kafin nan na ɗauka don ni ka kawo shi."

"Maki biyu ne fa tsakaninsu."

"Biyu ne."

"To wa zai sani?"

"Ni zan sani. Shi ma zai sani, wannan ya fi damuna."

Na ce, "Yarinyar nan ko ta je, wa zai yarda ya haɗa ɗaki da ita?"

Ya ce, "A can babu wanda ya san mahaifinta, sai in kai ka faɗa."

"Ɗanka ne fa, Yaya. Jininka ne."

Ya ajiye wayar ya dube ni. Ya ce, "Ɗana ne. Yana da kai, yana da makarantun Kano da za su karɓe shi gobe in ka ɗaga waya. Ita kuwa wannan kaɗai gare ta. Kuma ba ni na ba ta ba, Auta, ita ta ci."

A nan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Na ce, "Don an ba da kai boko saboda ƙafa, shi ya sa duk inda ka ga abin ƙyama sai ka ɗora shi a kan 'yan'uwanka. Haushinmu kake ji, mu masu lafiya."

Ya cire hularsa, ya daɗe yana duban cikinta. Da ya mayar sai ya ce, "An sauke abinci. Ka ci kafin ka kama hanya."

Ban ci ba. Na ce wa ɗana ya kwaso kayansa. Yaron ya tsaya a bayan Yaya ya ce, "Alhaji, saura zango ɗaya, don Allah a bar ni in gama." A bayansa ya tsaya, ba a gabana ba. Na tuƙa motata ni kaɗai har Kano.

Bayan wata biyu aka fitar da jerin canjin wuraren aiki. Akwai wata makaranta can bayan Durba, a hayin rafi, kusa da rugage, wadda duk malamin da aka tura sai ya zo yana roƙo a dawo da shi. Babu hanyar mota, da damina rafin yana cika. Na san da ƙafar Yaya. Ni na rubuta takardar tura shi can da hannuna, na sa wani ya sa hannu. Na gaya wa kaina cewa mako biyu zai yi ya zo ofishina, in bar shi ya zauna a benci na ɗan lokaci, sannan in gyara masa. Abin da nake so ke nan: sau ɗaya a rayuwa Yaya ya nemi wani abu a wurina.

Bai zo ba.

Ya tarar da aji biyu, ɗaya babu rufi. Sunaye cike da rajista, yaran da ke zuwa kuwa ba su cika benci huɗu ba, kuma duk 'ya'yan manoma ne. 'Ya'yan Fulani sun daina zuwa, don in sun tsaya tatsa sun makara a doke su, in an yi musu tambaya da Hausa sun kasa amsawa a yi musu dariya. Yaya ya fara bin rugage a kan kekensa. Ya zauna da matan da ke tallan nono yana koyon Fulatanci, suna dariyar bakinsa yana taya su. Ya raba karatu biyu, na safe da na bayan azahar, don wanda ya fita kiwo da safe kada ya rasa. Ya hana a doki yaro don ya yi yarensu a aji. Wata kaka shanu suka shiga gonar wani, rikici ya tashi har aka fasa wa mutum kai. Washegari Yaya ya ɗauki ɗan mai gonar da ɗan mai shanun ya haɗa su benci ɗaya, littafi ɗaya, ya ce wanda ya yaga shi su biyun za su amsa. Da damina in rafi ya kawo, Fulanin suke jiransa a gaɓa da takarkari, su ɗora shi su haye, wani ya ɗauko keken a ka.

Duk wannan a bakin ɗana na ji. Na samo masa makaranta mai kyau a Kano, amma duk hutu jakarsa a shirye take tun kafin a rufe. In ya dawo, a kan abinci babu zance sai "Baba ya ce," "Baba ya yi." Wata rana na buga cokali a faranti na ce, "A gidan nan akwai uba, ko babu?" Daga ranar ya daina ba da labarin a gabana. Sai in ji shi ta taga yana ba uwarsa, in tsaya in saurara. Na so ya karanta injiniya. Ya karanta malanta.

Bayan shekara uku abin ya fara damuna. Na aika wani ya gaya wa Yaya cewa akwai gurbi a cikin garin Kibiya, makaranta a bakin titi, in yana so. Ya aiko da godiya, ya ce yana da yara a aji uku da yake so ya ga sun gama. Da suka gama, akwai wasu a aji uku. Haka ya yi shekara goma sha huɗu a can. Na ji haushin wannan fiye da komai. Wurin da na zaɓa don in hore shi ya zama wurin da ba ya son bari.

Ba mu yi gaba ba. Duk salla ina zuwa, mu gaisa, mu ci tuwo a kwano ɗaya, ya tambayi iyali. Da aka yi mini aiki a asibiti ya hau motar haya ya zo, ya yi mako guda yana zaune a kujerar gefen gadona da ƙafar nan a miƙe, yana ɓare mini lemo. Sau da yawa na buɗe baki zan yi maganar, sai in ce masa ya miƙo mini ruwa.

Akwai kuma wani abu. Gab da zan ajiye aiki aka ba ni shugabancin wani kwamiti da zai tsara yadda za a ba kowane yaro dama daidai a makarantu, a hana nuna bambanci. Muka yi ta taro a otal-otal. Da aka zo rubuta ɗan littafin jagora, na duba kaina ban ga komai nawa ba. Sai na zauna na rubuta zagayen kujera, da jarrabawa da lamba a madadin suna, da karatun bayan azahar don 'ya'yan makiyaya. Aka yaba, aka ba ni lambar yabo a gaban jama'a. Ko a shafin godiya ban sa sunansa ba. Da littafin ya kai hannunsa ya karanta shi tsaf, ya ajiye shi a zaure, duk baƙon da ya zo sai ya ɗauko ya nuna masa ya ce, "Autanmu ne ya rubuta." Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, wasu Fulani kamar su goma suka matso. A gabansu akwai wani tsoho siriri, aka ce shi ne ardo, shugaban rugagen hayin rafi. Dogon da ya sauka kabari tare da ɗana jikansa ne, yanzu shi ke koyarwa a makarantar. Tsohon ya tsuguna a gabana, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, Hausarsa tana karyewa.

Ya ce, "Alhaji, mun yi ta'aziyya, yanzu godiya muka kawo. Mun daɗe muna so mu gan ka. Malam ya gaya mana kai ne ka aiko mana shi. Ya ce ƙanensa yana babban ofis, ya duba duk ƙasar nan ya ga mu ne ba mu da kowa, sai ya ce ba zai tura mana bare ba, ɗan'uwansa zai ba mu. Kai ka ba mu shi. Allah ya biya ka."

Jama'a suka ɗauka da "Allah ya saka da alheri." Wasu da ba su ko dube ni ba a kwana ukun nan suka taso suna miƙo mini hannu. Ɗana yana gefe, ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa samu daga gare shi ba. Kallon da na yi shekaru ina nema ke nan.

Na buɗe baki na ce, "Ba komai, Ardo. Ai yi wa kai ne."

Haka na ce. Na karɓa.

Da mutane suka ragu na shiga cikin gida. Matar Yaya tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Matar nan ta asibiti tana gefenta tana tsince shinkafa. Da ta gan ni ta gaishe ni da ladabi, ta ɗauki farantinta ta ba mu wuri. Na zauna daga nesa.

Na ce, "Hajiya, ya sani?"

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Ta ce, "Ranar da takardar canjin aikin ta zo ya karanta sau biyu, ya yi dariya, ya ce, 'Wannan Turancin Auta ne.' Ni na ɗauki mayafina na ce sai na je Kano na same ka a ofis a gaban mutanenka. Ya ce in na fita ƙofar nan ban kyauta masa ba."

"Bai taɓa cewa komai a kaina ba?"

"Sau ɗaya. Wata damina ya faɗi a gaɓar rafi, gwiwar ta kumbura, ina gasa masa. Ya ce, 'Auta yana ganin na fi son 'ya'yan mutane a kan nasa. Bai san da na ba yaron nan gurbin, da na rasa shi, shi ma da ya rasa shi ba.' Daga nan bai ƙara ba."

Na ce, "Yaron ya sani?"

Ta ce, "Ni ban gaya masa ba, shi ma bai gaya masa ba. Wannan naka ne, Alhaji."

Na koma Kano da wannan magana. Na yi mako uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Da na ga bakina ba zai iya ba, sai na zauna na rubuta abin da ke sama, na kira ɗana ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na miƙa masa. Ya zauna a kan kafet ya karanta, ni ina kan kujera ina kallon bango. Da ya kai wajen takardar canjin aiki na ji ya daina juya shafi. Ya daɗe a haka. Sannan ya ci gaba har ƙarshe, ya daidaita takardun a kan gwiwarsa.

A rubutun farko na sa cewa Yaya ya yi shekara goma sha biyu a hayin rafi. Ɗana ya zaro biro daga aljihu, ya soke wurin.

Ya ce, "Sha huɗu ne, Alhaji. Biyun da ka rage su ne waɗanda ƙafar ta fi ba shi wahala. A lokacin keken ma ya gagare shi, goya shi ake yi."

Na ce, "Shi ke nan abin da za ka ce?"

Ya ce, "Ka je ka gaya wa Ardo. In ka shirya zan kai ka, na san hanya."

Ya miƙo mini takardun da hannu biyu, ya yi mini sallama ya tafi. Yana zuwa gaishe ni duk Juma'a kamar yadda ya saba, bai rage ba, bai ƙara ba. Wurin Ardo kuwa mun sa ranar Asabar mai zuwa, kuma ruwa bai janye daga rafin ba tukuna.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka yana jan ƙafa. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka zaunar da shi a gaba. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, waɗanda ya haifa da waɗanda aka kawo masa. Ni kuma, abin da ya rage a zuciyata game da shi, wanda ko mutuwarsa ba ta kashe ba, ka cire mini shi kafin ka haɗa mu.